Yadda ake bibiyar kaloli da wurare a The Great Gatsby har a fito da halin mutanen ciki

Yawancin ɗalibai idan aka ba su aikin alamci a ƙagaggen labari, wato gano abun da kala ko wuri yake wakilta a cikinsa, abun da suke yi shine su buɗe waya su kwafo jerin nan da kowa ya haddace, wai kore buri ne, fari tsarki, rawaya kuɗi, shikenan a miƙa wa malam. Malamin da ya san aikinsa layi biyu zai karanta ya gane ba a buɗe littafin ba. Na daɗe ina zama da ɗalibai akan irin wannan aikin, kuma hanyar da zan shimfiɗa maka anan ba ta buƙatar wata baiwa, haƙuri take so da littafin rubutu kawai. Zan yi amfani da The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald wanda ya fito a 1925, saboda gajere ne, babi 9 ne kacal, kuma mutumin ya zuba kala a cikinsa ba kaɗan ba. Labarin a bazarar 1922 ya faru, a Long Island da birnin New York na Amurka.

Kayan aiki

Littafin kansa, cikakke, banda taƙaitawa. Idan ba ka da na takarda kar ka damu, tun 1 ga Janairun 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, dan haka zaka same shi kyauta a Project Gutenberg ka sauke a waya.

Littafin rubutu sabo wanda ba ka haɗa shi da wani darasi ba, da rula, da fensir. Sai biro ko maka masu kala kamar guda 5 ko 6. In babu, fensir ɗaya ma ya isa, sai ka dinga sa harafi a gefen shafi, K na kore, F na fari, R na rawaya, T na ruwan toka, haka dai. In littafin aro ne daga laburare ko na wani ne, dan Allah kar ka zana masa komai, yanka ƴan takardu ka dinga saƙalawa.

Ƙamus, dan Turancin littafin yana da ɗan nauyi a wasu wurare, musamman sunayen yadi da sunayen kaloli. Sai farar takarda babba guda ɗaya ta zana taswira.

Fim kuma a ajiye shi gefe tukunna. Akwai na 1974 akwai na 2013, duk suna da kyan kallo, amma kalar da zaka gani a fim zaɓin darakta ce, in ka fara da shi sai ta manne maka a ido ka zo kana rubuta abun da babu shi a littafi.

Mataki na 1: karanta labarin a matsayin labari

Karatun farko ba a riƙe biro. Ka karanta ka san waye waye. Nick Carraway shine mai ba da labari, ya kama hayar ɗan gida dala 80 a wata a West Egg, maƙwabcinsa Jay Gatsby attajirin da ba a san tushen kuɗinsa ba. A tsallaken ruwa, East Egg, akwai Daisy ƴar'uwar Nick da mijinta Tom Buchanan. Gatsby ya so Daisy tun 1917 yana soja ba shi da ko sisi, ya tafi yaƙi ta auri Tom, shi kuma ya tara dukiya ta haramtacciyar hanya dan ya dawo da ita. Tom yana da farka, Myrtle, matar wani bakanike George Wilson. Ƙarshe Daisy ta kaɗe Myrtle da motar Gatsby, Wilson ya harbe Gatsby ya harbe kansa, Tom da Daisy suka kwashe kayansu suka bar gari. In ba za ka iya faɗin wannan da bakinka ba tare da duba littafi ba, toh ba ka isa mataki na gaba ba.

Abu ɗaya na tarihi da ya kamata ka riƙe: daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana sayar da giya a Amurka, masu fasa-ƙwaurinta suka yi kuɗi na fitar hankali cikin ƙanƙanin lokaci, kuma Gatsby a cikin irin wannan harkar yake. Wannan kaɗai ya ishe ka.

Mataki na 2: zana taswira kafin ka taɓa maganar kala

Mutane suna tsallake wannan, alhali shine ƙashin bayan aikin. Ɗauki farar takardar nan. A dama ka zana dunƙule biyu masu siffar ƙwai da suka shiga cikin ruwa, ruwa ya raba su, East Egg da West Egg kenan. A hagu can ƙarshe ka sa birnin New York. A tsakiya, inda titin mota ya haɗu da layin dogo, ka sa kwarin toka, ka ɗiga garejin Wilson a ciki da tsohon allon tallan likitan ido mai idanun Dokta T. J. Eckleburg. Ka ja layi ɗaya daga ƙwayayen zuwa birni wanda ya ratsa ta kwarin.

Da ka gama zaka ga wani abu da karatu kaɗai ba ya nuna maka: babu yadda za a yi mai kuɗi ya tashi daga gidansa ya je birni shaƙatawa ba tare da ya bi ta kan talakan nan da toka ta lulluɓe ba. Kullum suna wuce shi. Kuma a daidai wannan wajen aka yi kisan Myrtle. Wuraren nan ba ƙirƙira ce zalla ba, West Egg daga Great Neck aka ɗauko shi inda Fitzgerald da kansa ya taɓa zama, kwarin toka kuma jujin tokar Corona ne a unguwar Queens, wanda daga baya aka share aka yi filin shaƙatawa na Flushing Meadows. Kana iya sa wannan a layi ɗaya cikin rubutunka, amma kar ka mayar da aikin darasin labarin ƙasa.

Sai a gefen kowane wuri ka rubuta abu uku: su waye suke kwana anan, ta ina kuɗinsu ya zo, wane irin abu suke aikatawa anan wanda ba sa yi a wani wajen. Tambaya ta ukun nan ita ce mai tsoka. Tom a gidansa na East Egg mai gida ne mai karɓar baƙi, amma a ɗan falon da ya kama wa Myrtle a birni, a babi na 2, da tafin hannu ya fasa mata hanci dan ta ambaci sunan Daisy. Mutum ɗaya ne, wuri ne ya canza. Birni a littafin nan shine inda kowa yake sauke kunya, kuma can ɗin ne dai, a otel ɗin Plaza a babi na 7, aka yi tonon sililin da ya rusa Gatsby a ranar da ta fi kowace rana zafi.

Ka kula da gine-ginen kansu. Gidan Tom ja da fari ne, tsohon fasali na masu gadon arziki. Gidan Gatsby kwaikwayon wani ginin hukuma ne na Normandi a Faransa, da hasumiya a gefe, sabo fil, ciyawar da aka dasa ta hau bango dan ya yi kama da tsoho ko kauri ba ta yi ba, fili ya fi eka 40. A laburarensa wani baƙo mai tabarau kamar idon mujiya ya yi ta mamakin cewa littattafan na gaske ne, sai dai ba a yanke shafukansu ba, wato ba a taɓa buɗe su ba. Rubuta irin waɗannan a jikin taswirar.

Mataki na 3: tsaga teburi ka sake karatu da biro a hannu

Buɗe littafin rubutunka, shafi biyu masu kallon juna, ka tsaga gida 6 da rula: babi, kala, akan me take, na waye ko a jikin waye, a wane wuri, sai me ya faru a lokacin ko jim kaɗan bayansa. Gida na ƙarshen nan ka ba shi fili sosai. Ka lura ban sa gidan “ma'ana” ba, kuma da gangan ne. Duk wanda ya fara rubuta ma'ana tun a babi na 1, sauran babi 8 ɗin zai ƙare ne yana neman abun da zai gaskata shi yana kau da kai daga wanda ya saɓa.

Yanzu ka sake karanta littafin a hankali, babi ɗaya ko biyu a zama, duk inda aka ambaci kala ka shigar. Ga yadda layi yake kasancewa: babi 1, fari, riguna, Daisy da ƙawarta Jordan, falon gidan Tom, iska tana kaɗa labule da rigunan kamar za su tashi sama, Tom ya rufe tagogi komai ya lafa, anjima ana cin abinci farkarsa ta bugo waya. Kaga ban fassara komai ba, abun da ya faru kawai na ajiye.

Masu karatu a waya suna da sauƙi ɗaya, akwai wajen bincike da zaka rubuta kalma ya jero maka duk inda ta fito. Yana da amfani wajen tabbatar da ba ka tsallake komai ba, amma akwai tarko. In ka rubuta red zai kwaso maka hundred da covered da tarkace iri-iri. Ruwan toka kuma wani bugun gray yake rubutawa wani grey, sai ka gwada duka biyun. Haka gold da golden. Sannan binciken ba zai kamo maka kalolin da aka faɗa da sunan abu ba, irin ruwan madara, ruwan azurfa, ruwan giya na kafet ɗin gidan Tom, ko toka ita kanta. Dan haka waya mataimakiya ce, karatun sai ka yi shi da idonka.

Kar ka tace komai a wannan matakin. Ko kalar tasi ce ka rubuta. Myrtle ta bar tasi 4 sun wuce kafin ta zaɓi wata sabuwa mai kalar shunayya-shunayya, kana ganin kamar ba komai ba ne, sai daga baya ka gane mace ce mai son a ganta a matsayin da ba ta kai ba.

Mataki na 4: ware kowace kala, ka jera ta daga farko zuwa ƙarshe

Nan aikin yake fara daɗi. Kowace kala ka ba ta shafinta, ka kwafo layukanta bi da bi, ka karanta su kamar ƙaramin labari. Tambayarka ita ce: kalar nan ta tsaya yadda ta fara ko ta juya?

Ɗauki kore. Ƙarshen babi na 1 Nick ya hango Gatsby cikin duhu ya miƙa hannu wajen ruwa yana rawar jiki, babu komai a can sai wata ƴar koriyar fitila. Babi na 5, bayan ya haɗu da Daisy, yana gaya mata cewa ba dan hazo ba da sun hango gidanta, fitilar ƙarshen gadar jirgin ruwanta ce, kuma Nick ya lura cewa yanzu da Daisy take tsaye a gefensa ta saƙala hannunta a nasa, fitilar ta koma fitila kawai, girmanta ya tafi. Babi na 9 Nick ya haɗa ta da koren sabuwar ƙasar, wato Amurka, da matuƙan jirgin Holan suka fara hangowa. Wuri uku kenan, kuma a cikinsu kaɗai ka samu magana akan ɗan Adam: abun da yake nesa shi yake da daraja, da ya zo hannu sai ya ragu. Wannan ya fi “kore buri ne” nesa ba kusa ba, kuma daga littafin ka ciro shi.

Amma teburinka zai nuna maka wasu korayen. Kujerun motar Gatsby koriyar fata ce. Ranar da James Gatz, ɗan talakawan manoma daga North Dakota, ya canza suna ya koma Jay Gatsby yana shekara 17 a bakin tafkin Superior, yagaggiyar koriyar riga ce a jikinsa. Sai kuma babi na 7, inda aka ce fuskar Wilson ta yi kore a cikin rana, bayan ya gano matarsa tana cin amanarsa har abun ya kwantar da shi. Ajiye wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Fari kuma Daisy yake bi duk inda ta je. Tana budurwa ƴar shekara 18 a Louisville farar riga da ƴar farar mota, babi na 1 fari, babi na 7 ranar da za ta yi kisa fari. Yanzu duba gidan “me ya faru” na kowane layi. Za ka ga kusan duk inda farin ya fito akwai wani abu mara kyau a kusa: wayar farka, yatsan Daisy da ya yi baƙi-baƙi tana cewa Tom ne ya ji mata ciwo, surutun Tom na fifikon farar fata, har farin katin da Gatsby ya nuna wa ɗan sanda a babi na 4 aka ƙyale shi ya wuce da gudun da ya saɓa doka. Ni a ganina farin littafin nan tufafin mutanen da kuɗi yake wanke musu laifi ne, ba su taɓa ɗaukar dattin abun da suka yi, wani ne yake ɗauka. Kana iya saɓa min, amma da layukan teburinka zaka saɓa.

Rawaya da ruwan zinare kar ka haɗa su a shafi ɗaya, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Zinare yana fitowa a jikin Daisy da Jordan, da laktayen da Gatsby ya ɗaura ranar haɗuwa, farar kwat, riga ruwan azurfa, laktaye ruwan zinare, wato ya sako kuɗi a jikinsa dan ta gani. Rawaya kuwa tana wajen ƴan mata biyu masu riga iri ɗaya a fatin gidan Gatsby na babi na 3, tana jikin kiɗan fatin ma dan marubucin ya kira kiɗan da rawaya, tana jikin bulon ginin garejin Wilson, da tabaran Eckleburg, da ganyayen da suka fara rawaya lokacin da Gatsby ya nufi wurin wankan da aka kashe shi. Motar ita ce babbar shaida. A babi na 4 da Nick ya fara bayyana ta, ruwan madara ce mai sheƙi. Bayan ta kashe Myrtle, shaidar da ya gan ta cewa yayi rawaya ce, kuma da sunan rawayar mota Wilson ya bi sawunta. Michaelis mai shagon kofi ma da farko cewa yayi wa ɗan sanda kamar kore ce mai haske. Mota ɗaya kala uku, ya danganta da wanda yake kallo da kuma lokacin.

Mataki na 5: ɗora kala akan wuri

Koma taswirarka da biro masu kala, kowane wuri ka ɗiga masa kalolin da suka fito a cikinsa. East Egg zai cika da fari da ja-ja da zinare. West Egg zai yi hargitsi, shuɗin lambu, rawaya, lemo kwando 5 duk Juma'a da ake fitar da ɓawonsu ranar Litinin, da tulin rigunan nan kala-kala da Gatsby ya dinga watsowa akan tebur har Daisy ta kifa kai a cikinsu tana kuka. Kwarin toka kuwa kusan kala ɗaya ce.

A kwarin nan nake so ka daɗe. Toka ta hau kan komai, irin yadda ƙurar hunturu take kwana akan mota, gidaje, hayaƙi, har mutanen ma ruwan toka ne. Wilson da ya juya zai ɗauko kujera sai aka ce ya saje da kalar simintin bango. An ce farar ƙurar toka ta rufe kwat ɗinsa da gashinsa da duk abun da ke wajen, banda matarsa. Wannan “banda” ɗin ka ja masa layi biyu. Myrtle ita kaɗai ce mai kala a wajen, kuma a yini ɗaya sau uku aka nuna ta da kaya daban: shuɗiya mai duhu a gareji, ruwan ƙasa a hanya, ruwan madara a falon birni, kuma Nick ya faɗa ƙarara cewa da ta canza rigar halinta ma ya canza, kuzarinta ya koma girman kai tana yi wa ma'aikata kallon banza. Ka ga yadda take matsawa kusa da farin Daisy amma ba ta kai ba, a ruwan madara ta tsaya, kuma motar da ta take ta ruwan madara ce. Ba zaka taɓa ganin wannan ba sai da teburi.

Sannan ka duba abun da yake faruwa idan mutum ya shiga da kalarsa wajen da ba nasa ba. Gatsby ya je East Egg da kwat ruwan hoda, Tom ya yi masa dariya a bayan ido wai wannan ne zai ce ya yi jami'ar Oxford. Dukiyar Gatsby ba ta da iyaka amma bai san kalar da masu gado suke sakawa ba, kuma a daren da aka yi kisan yana tsaye a waje cikin wannan kwat ɗin yana gadin Daisy, ita kuwa tana kicin da Tom da soyayyiyar kaza mai sanyi a gabansu suna ƙulla yadda za su fita.

Mataki na 6: nemo layin da ya ƙi jituwa

Duk ma'anar da ka fitar, koma teburin ka nemi layin da ya ƙaryata ta. Fuskar Wilson da ta yi kore ba buri ba ce, ciwo ne da kishi, kuma Turawa dama suna danganta kore da hassada da rashin lafiya. Zaɓi biyu gareka. Ko ka faɗaɗa maganarka ta ɗauke shi, kace koren littafin son abun da ke hannun wani ne, a wajen Gatsby ya fito da kyau a wajen Wilson ya fito da muni. Ko kuma ka faɗa a fili cewa anan kalar ta yi wani aiki daban. Duka biyun malami zai karɓa. Ɓoye layin ne ba zai karɓa ba in ya san littafin.

Kuma ba kowace kala ce alama ba fa. Wani lokacin lemo ruwan lemo ne dan haka Allah ya yi shi. Abun da nake auna shi da shi: kalar ta maimaitu, ta fito a lokaci mai nauyi, ko an ɗora ta akan abun da ba shi da kala kamar kiɗa. In ba ta cika ko ɗaya ba, bar ta a teburi kar ta shiga rubutu.

Akwai kuskuren da ya fi kama mu masu karatu da idon Hausa. Muna zuwa da namu ma'anonin, fari a wajenmu alheri ne ko likkafani, kore yana tuna mana addini ko tuta. Marubucin Ba'amurke ne na shekarun 1920, a wajensa kore yana iya tuna takardar dala saboda bayanta kore ne. Ba laifi ka kwatanta da namu a sakin layi guda in aikin ya ba da dama, amma ka bambance wanne ne naka wanne ne na littafin.

Hattara kuma da idanun Eckleburg, shuɗaye manya a bayan rawayan tabarau. Za ka ga ana rubuta cewa idon Ubangiji ne kai tsaye. Wanda ya faɗi haka a littafin Wilson ne, a babi na 8, hankalinsa ya gushe da baƙin ciki, kuma nan take Michaelis ya ce masa ai allon talla ne. Dan haka abun da zaka rubuta shine mutumin da ya rasa madafa ya ɗora wa tsohon allon likitan ido wannan matsayin, wannan kuma magana ce akan Wilson da irin wajen da yake rayuwa.

Mataki na 7: mayar da shi magana akan mutum

Aikin ba akan fenti yake ba, akan hali yake. Kowace kala da ka zaɓa ka rubuta jimla ɗaya wadda mutum ne a farkonta. Maimakon “fari yana nufin kaza”, kace “Daisy da Tom suna ɓarna su koma cikin kuɗinsu, marubucin kuma ya sa musu fari da gida mai iska dan a ga yadda ba abun da yake manne musu”. In jimlar ta ƙi fitowa da sunan mutum da aikin da yayi, ba ka gama tunani ba, koma mataki na 4.

Kar ka manta da Nick. Duk kalar da ka gani ta idonsa ta biyo, kuma yana son Gatsby duk da yace bai yarda da harkarsa ba. Layi ɗaya akan wannan yana ɗaga rubutu sosai.

Mataki na 8: rubutawa

Zaɓi kala 2 ko 3 da wuri 2 ko 3, kar ka ce sai ka zuba duk teburin. Haɗin da ya fi sauƙin karewa da hujja shine farin East Egg da tokar kwari, sai koriyar fitila ta zama gada tsakanin ƙwayayen biyu. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya akan hali, shaida biyu daga babi daban-daban, da bayanin yadda shaidar ta kai ga maganar. Ga misalin yadda nake so ya fito:

“Myrtle tana ganin mutum yana canza matsayi ne da canza kaya. A babi na 2 ita kaɗai ce toka ba ta rufe ba a garejin mijinta, kuma tana isa birni ta sa riga ruwan madara ta fara magana da isa. Sai dai a babi na 7 ta fito da gudu ta tari motar da take zaton Tom ne a ciki, ta mutu akan titin kwarin da take gudu, jininta ya gauraya da ƙurar wajen.”

Ka ga babu kalmar “alama” ko ɗaya a ciki amma aikin alamci aka yi. Layin da ya ƙi jituwa ka ba shi sakin layinsa kusa da ƙarshe.

In littafin da aka ba ka ba mai yawan kala ba ne, teburin bai canza ba, gidan kala kawai zaka mayar gidan haske da duhu, ko yanayi, ruwan sama, zafi, iska. A Wuthering Heights na Emily Brontë na 1847 misali, gida biyu zaka zana, ɗaya a kan tudu iska tana dukansa, ɗaya a kwari mai jan kafet da farin silin mai bakin zinare, sai ka bi wanda ya tashi daga wannan ya koma wancan ka ga me ya same shi. In kuma lokaci ya ƙure maka jarabawa ta matso, a Gatsby ka yi teburin babi na 1, 2, 5 da 7 da shafukan ƙarshe na babi na 9, mafi yawan shaidun suna nan.

Wajen kawo shaida ka dinga ambaton babi, dan lambar shafi tana bambanta daga bugu zuwa bugu, na waya ma wani ba shi da ita gaba ɗaya. In malam ya nace sai da shafi, ka tambaye shi bugun da yake amfani da shi tun kafin ka fara cika teburin, ka ƙara gida na 7 a gefe na lambar shafi.